Babi na Shida: Kukan Sitiyari a Motar A-kori-kura

Tsakanin hannun direba da tayoyin gaba na motar a-kori-kura akwai gaɓoɓi fiye da goma, kowacce ƙarfe ne ke juyawa a jikin ƙarfe ko a cikin roba, da ɗan giris ko mai a tsakaninsu. Muddin maiƙon nan yana wurinsa, sitiyari zai juya shiru. Ranar da ya bushe, ko ƙasa ta kutsa ta gauraya da shi, ko wani noti ya saki, sai kuka ya fara. Wuraren da ke iya yin wannan kuka suna da yawa, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda lakace ɗaya na giris ya ishe shi, akwai wanda in aka yi masa sakaci taya za ta iya ɓallewa mota tana tsakar gudu. Shi ya sa babban aikin bakanike a nan shi ne ya gano mai kukan tun kafin ya kwance noti ko ya aiki mai mota sayen kayan gyara.

A-kori-kura ta fi ƙaramar mota saurin kamuwa da wannan matsala. Gabanta na ɗauke da inji mai nauyi, sau da yawa na dizal. Tayoyinta manya ne masu faɗi, aikinta kuma a hanyar burji yake, cikin gargada da ramuka da ƙoramun da ake ratsawa da damina. Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, da Mitsubishi L200 da Nissan Navara da Isuzu D-Max da Ford Ranger, duk don wahala aka gina su. Sai dai abin da ke tsare giris a gaɓoɓinsu 'yar roba ce, ita kuwa roba ba ta jure ƙaya da zafin rana da tsufa.

Yadda aka harhaɗa shi

Sitiyarin da ke hannun direba yana zaune ne a kan wata sanda da ta gangara ta ƙarƙashin dashbod, ta huda bangon ƙarfen da ya raba mazaunin direba da ɗakin inji. A can ta haɗu da wata gajeriyar sanda mai gaɓa ɗaya ko biyu irin ta kuros, wadda ke ba ta damar juyawa ko da yake a karkace take. Daga nan motoci sun rabu gida biyu. A gida na farko, ƙarshen sandar ƙaramar giya ce da ke cizon haƙoran wata doguwar sanda da ke kwance a gicciye, tana tura ta hagu ko dama. Wannan shi ne rak, kuma shi ke jikin Hilux tun daga samfurin 2005, da Ford F-150 tun daga na 2004. A gida na biyu, akwatin giya ne aka ɗaure a jikin shasi, cikinsa da ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ke zagaya wani ƙarfe mai zare. Daga ƙasan akwatin wani hannu ya fito, fitman, yana jan sandar tsakiya, a ɗaya ɓangaren kuma, a yawancin motocin, wani hannun da ake kira aidila yana tallafe da ita. Tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu da Nissan Hardbody haka suke, manyan motocin Amurka irin su Ford F-250 ma da akwatin suke fitowa, saboda ya fi jure duka.

Ko wanne ne, ƙarshen aikin a hannun tayarod yake, wato sandunan da ke kai motsi ga ƙarfen da taya ke ɗaure a jikinsa. Shi kuma wannan ƙarfe yana juyawa a kan boljoyin, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Boljoyin dunƙulen ƙarfe ne mai santsi da ke zaune cikin kwarminsa kamar yadda kan ƙashin cinya ke zaune a kwatangwalo, an cika shi da giris an rufe da roba. Kan tayarod ma ƙaramin irinsa ne.

Sai abin da ke sauƙaƙa wa direba juyi. Tun da kamfanin Chrysler ya sa sitiyari mai taimakon mai a motarsa Imperial a 1951, tsarin bai canja sosai ba: inji na juya famfo ta hanyar bel, famfon na tura mai da ƙarfi ta cikin mesa zuwa rak ko akwati, man kuma ya taya direba turi. Matsin man kan kai bar 80 zuwa 100 idan an juya sitiyari har ƙurewa. Wasu sababbin motoci, kamar yawancin F-150 daga 2011, ƙaramin injin lantarki ne ke wannan aiki. Irin waɗannan ba su da famfo ba su da man sitiyari, don haka duk abin da za a faɗa a kan mai bai shafe su ba.

Sauraro kafin taɓawa

Gwajin da ya fi kowanne amfani ba ya buƙatar ko sifana. A tsayar da mota a wuri mai shimfiɗa, a ja birkin hannu, a sauke gilasai, inji yana aiki, sai mutum ɗaya ya riƙa juya sitiyari a hankali daga ƙarshen hagu zuwa ƙarshen dama, wani kuma yana tsaye a waje yana saurare. Daga nan a kashe inji, a bar makulli a inda sitiyari ba zai kulle ba, a sake juyawa. Zai yi nauyi, amma zai juyu. Idan kukan ya ɓace da kashe inji, to bel ne ko famfo ko mai. Idan yana nan, an wanke waɗannan ukun daga zargi, saura gaɓoɓi da robobi da sandar sitiyari.

Mataki na uku shi ne a ɗaga gaban motar har tayoyin biyu su bar ƙasa, a sake juyawa inji a kashe. Kukan da ya tafi da zarar an ɗauke nauyi, daga wurin da ke ɗauke da nauyin yake, kuma boljoyin ne kan gaba a zargi. Wanda ya zauna daram, tayoyi a sama inji a kashe, sai a neme shi a sandar sitiyari, ko cikin rak, ko kan tayarod. Da waɗannan juyi uku kaɗai an rage wuraren bincike daga goma sha wani abu zuwa biyu ko uku. Abin takaici ne yadda ake tsallake su a garejoji da dama, a canja famfo mai tsada, mai mota ya fita bakin titi ya ji kukan na nan inda yake.

A nan wajibi ne a faɗi maganar jak. Ba a shiga ƙarƙashin a-kori-kura tana kan jak kaɗai. Motar ta kusa tan biyu, wasu ma sun fi, juya sitiyari kuma yana girgiza ta. A sa mata ƙafafun ƙarfe a ƙarƙashin shasi, a tokare tayoyin baya. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, yakan ruguje ba tare da ya ba da alama ba.

Irin ƙarar ma tana da abin da take faɗa. Ƙara mai tsini, ƙiii, da ke tashi lokaci guda idan an ƙure sitiyari ko da sanyin safiya, ta bel ce. Gurnani mai kauri da ke hawa da sauka tare da totur, na famfo ne. Ƙiƙir-ƙiƙir a hankali, yana bin juyin hannu, na busasshiyar gaɓa ne ko roba. Ƙwas guda ɗaya a lokacin da aka sauya juyi daga hagu zuwa dama, wannan ya wuce bushewa, wani abu ne ya yi lako-lako. Da yake ƙarfe na kai sauti nesa, kunne kaɗai kan yi ɓatan kai. Tafin hannu ya fi shi gaskiya: idan aka dafa gaɓa ana juya sitiyari, busasshiya za a ji tana karkarwa a hannu, mai lafiya kuwa sumul take tafiya. Doguwar sukurudireba ma na aiki, a ɗora bakinta a jikin abin da ake zargi, a kara mariƙinta a kunne. Idan inji na aiki, a naɗe hannun riga, a nisanci fanka da bel.

Bel

Lokacin da aka ƙure sitiyari, famfo na neman ƙarfi mafi yawa daga inji. Bel ɗin da ya saki, ko ya tsufa cikinsa ya yi ƙyalli, ko mai ya zuba masa, ba zai iya riƙe fuli ba, sai ya zame, zamewar ce kuma ake ji. A tsofaffin motoci masu siririn bel na famfo shi kaɗai, ana danna tsakiyarsa da babban yatsa. In ya lotsa fiye da milimita 10 ko kusa da haka, yana son ɗauri. Kada kuma a ɗaure shi tamau, don hakan na cinye boris ɗin famfo. A sababbin motoci bel guda ne mai faɗi da layuka a cikinsa, yana zagaye komai, wani fuli mai sifirin kuma yana riƙe masa ɗauri. Idan wannan sifirin ya gaji, ko sabon bel aka sa zai yi kuka. Robar da ake yin bel na zamani da ita ba ta cika tsagewa ba, cinyewa take a hankali, saboda haka rashin ganin tsaga ba shaidar lafiya ba ce.

Akwai gwajin ruwa. Inji na aiki, a fesa ruwa kaɗan a cikin bel ɗin. In ƙarar ta ƙaru, ɗauri ne ya yi kaɗan. In ta ɗauke na ɗan lokaci sannan ta dawo, galibi wani fuli ne ya kauce daga layin 'yan'uwansa. Goga wa bel sabulu ko ɗiga masa man birki, kamar yadda wasu ke yi a tasha, yana kashe ƙarar na yini ɗaya, ya kuma lalata robar. In mai ne ya jiƙa shi, sai an toshe inda man ke fitowa kafin a sa sabo.

Mai da famfo

A buɗe murfin tankin man sitiyari a duba abu uku: yawansa, launinsa, da ko yana kumfa. Jikin tankin ko sandar murfin na da alamar sanyi da ta zafi, domin man na kumbura idan ya ɗumama. Man da ya ragu wani wuri ya bi, tunda ba ƙonewa yake ba, don haka ƙari kaɗai ba gyara ba ne. A bi mesa biyun da hannu, a duba bayan fulin famfo, a kuma matsa robobin nan masu lanƙwasa da ke gefe biyu na rak. Ya kamata a same su a bushe. In aka ji mai na motsi a ciki, sil ɗin rak ya mutu.

Kumfa alama ce ta iska, iska kuma ita ce kan gaba wajen sa famfo gurnani. Sau da yawa ba ta inda mai ke zuba take shiga ba. Mesar da ke kawo mai daga tanki zuwa famfo zuƙa ake yi ta cikinta, don haka idan ta taurare, ko kilif ɗinta ya saki, ko 'yar robar zoben da ke bakinta ta bushe, sai ta riƙa shan iska ba tare da ɗigo ɗaya ya fita ba. Famfo da yawa an cire su an jefar saboda wannan 'yar roba. Wani wurin da ake mantawa shi ne ragar da ke ƙasan tankin, a motocin da ke da ita. Idan datti ya toshe ta, famfo ba ya samun mai isasshe, musamman da safe lokacin hunturu da man ya yi kauri. Wanke tankin ko sauya shi kan kawo ƙarshen kukan.

Man da ya koma baƙi yana ƙauri ya gama aiki, a zuƙe shi a sa sabo. Nau'in da za a zuba yana rubuce a murfi ko a littafin motar. Hilux da motocin Toyota da yawa man giya na otomatik nau'in Dexron suke sha, Ford kuma nau'in Mercon. Man birki ko kusa ba ya shiga nan. Yana ɓata duk wata roba da ke cikin tsarin, har sai an canja famfo da rak gaba ɗaya. Baƙin mai ma ba nasa ba ne.

Bayan duk wani aiki da ya sa aka buɗe mesa, sai an fitar da iska. Tayoyi a sama, inji a kashe, a juya sitiyari a hankali daga ƙarshe zuwa ƙarshe kamar sau ashirin, ana duba tanki ana ƙara mai. Sannan a tayar da inji a maimaita har kumfa ta daina tasowa. Ba a riƙe sitiyari a ƙure fiye da sakan 5 zuwa 10, domin a wannan hali man na zagayawa ne cikin famfo ta bawul ɗin rage matsi, yana zafi nan da nan. 'Yar ƙarar "shii" da ake ji a daidai ƙurewa aikin wannan bawul ne, ba ciwo ba ne. Idan mai ya cika, mai tsabta ne, babu kumfa, bel lafiya, amma gurnani na nan kuma sitiyari na nauyi a ƙaramin totur, to yanzu ne aka isa ga famfon kansa. Ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikin man na ƙara tabbatar da haka, kuma dole a wanke mesa da rak kafin a ɗaura sabo, in ba haka ba garin zai cinye shi shi ma.

Boljoyin da tayarod

Nan ne kukan sitiyari ke zama maganar rai. Labarin kusan kullum iri ɗaya ne. Robar da ke rufe gaɓar ta tsage, ko ƙaya ta huda ta. Ruwan damina ya shiga ya wanke giris, ƙurar rani ta shiga ta zauna, tsatsa ta kama dunƙulen. Da farko gaɓar a matse take, tana kuka kawai. Daga baya yashi ya ci kwarmin, kukan ya ragu, ƙwas-ƙwas ya maye gurbinsa, taya ta fara cin gefe. Mai mota kan ɗauka sauƙi aka samu da kukan ya ragu, alhali lalacewar ce ta yi nisa. Ƙarshenta dunƙulen ya fice daga kwarminsa ko wuyansa ya karye, taya ta kwanta a ƙarƙashin mota. Mafi yawan motocin da ake gani a gefen hanya gabansu ya durƙusa, taya ɗaya ta baje waje, boljoyin ɗin ƙasa ne ya rabu.

Ana fara dubawa da ido da tocila. Robar da ta tsage, ko jan gari na tsatsa a bakin gaɓa, sun isa hujja. Sannan a kama tayar da ke sama da hannu biyu, ɗaya a samanta ɗaya a ƙasanta, a girgiza ciki da waje. Motsi a nan na boljoyin ne ko boris ɗin taya. In aka taka birki motsin ya ɓace, boris ne. A sake kama ta ta gaba da baya a girgiza: wannan na tayarod ne, ko aidila a motoci masu akwati. Aidilar da ta mutu ana ganin hannunta na hawa da sauka maimakon ya tafi gefe kawai.

Akwai wata dabara da rashin saninta ke sa a wanke boljoyin mai laifi. Sifirin ɗin mota na danne gaɓar da ƙarfin da hannu ba zai iya rinjaya ba, don haka sai an sauke mata wannan nauyi kafin motsinta ya bayyana. Idan sifirin ko sandar murɗa a kan hannun ƙasa take zaune, a sa jak a ƙarƙashin hannun ƙasan, kusa da taya. Sannan a zura dogon ƙarfe a ƙarƙashin tayar a ɗaga, wani na kallon gaɓar. Littafin gyaran kowace mota ya faɗi iyakar motsin da aka yarda da shi, kuma a mafi yawansu ɗan kaɗan ne ƙwarai.

Wasu gaɓoɓin suna da kan giris, wato 'yar ƙusar da ake ɗura giris ta cikinta da famfon hannu. Irin waɗannan, in robarsu lafiya kuma babu motsi, a goge kan, a ɗura giris mai lamba 2 har robar ta ɗan kumbura, a tsaya. In aka matsa sai ta fashe. Boljoyin ɗin da aka rufe shi ruf daga masana'anta kuwa, ranar da ya fara kuka ya gama rayuwarsa. Akwai masu huda robar da allurar sirinji su ɗura baƙin mai. Kukan zai tsaya, amma tsatsar da cinyewar suna nan, an kuma ƙara wa robar huda, sannan an kashe alamar da ke gargaɗin direba. Wannan ba gyara ba ne, kuma bai kamata bakaniken da ya san darajar ran mutane ya yarda da shi ba, ko da mai motar ne ya roƙa. Haka sayen boljoyin na gwanjo: abu ne da ba a ganin cikinsa, kuɗin da aka rage bai kai haɗarin ba. In ɗaya ya mutu, a duba na ɗaya gefen da kyau, domin hanya ɗaya suka bi.

Ƙusar ƙurewa da robobi

Akwai wani kuka mai firgitarwa wanda ba shi da haɗari. A tsofaffin a-kori-kuran Toyota da Nissan masu jan ƙafa huɗu, akwai ƙusa a kowane gefe da ke tare taya kada ta wuce iyaka idan an ƙure sitiyari. Kan ƙusar na da 'yar hular roba mai tauri. Idan hular ta cinye ko ta faɗi, ƙarfe ke gogar ƙarfe, sai a ji ƙara mai ƙarfi duk lokacin da aka ƙure sitiyari ana hawa tudun ƙofar gida ko ana fita daga kwalta zuwa burji. Alamarta ita ce ba ta zuwa sai a ƙure, kuma sai mota na motsi sama da ƙasa. In aka leƙa za a ga wurin da ƙusar ke taɓawa ya goge yana ƙyalli. Giris mai kauri a wurin, ko sabuwar hula, shi ke nan.

Bushin ɗin hannayen taya da robobin sandar da ke hana mota tangaɗi su ma suna kuka, sai dai nasu ya fi fitowa a gargada fiye da a juyi. A danna gaban motar a saki tana tsaye. In kukan ya fito ba tare da an taɓa sitiyari ba, wajensu za a nufa. Ana tantance mai laifin ta hanyar fesa ruwan sabulu a roba ɗaya, a gwada, sannan a wuce ta gaba. In aka fesa wa duka lokaci guda, kukan zai tafi ba a san na wa ba ne. Giris na yau da kullum da WD-40 ba su dace da roba ba. Na silikon ake sa mata. Idan an canja bushin, ba a ƙarasa ɗaure notinsa sai mota ta sauka ta zauna a kan tayoyinta, domin in aka ɗaure tana rataye, robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Cikin mota

Kukan da direba ke ji a gabansa, wanda na waje ba ya ji, yana da wurare kaɗan. Mafi sauƙi shi ne murfin robar da ke bayan sitiyari ya goce yana gogar sa. Sai robar da ke toshe hudar bango inda sanda ta ratsa. Ƙura na busar da ita, ta riƙa kuka a daidai ƙafar direba, kuma girisin silikon na maganinta. Kuros ɗin gajeriyar sanda, da yake a waje yake yana shan ruwa da laka, yakan yi tsatsa. Alamarsa ita ce sitiyari ya riƙa nauyi da sauƙi, nauyi da sauƙi, a cikin zagaye guda, kuma ba ya komawa tsakiya da kansa bayan an karya kwana. Wannan canji yake so. Motocin Chevrolet Silverado na 1999 zuwa 2006 sun yi suna da ƙwanƙwasar wannan sanda.

A bayan sitiyari kuma akwai wata siririyar waya mai faɗi da aka naɗe cikin gwangwanin roba, ita ke kai wuta ga hon da jakar iska duk da sitiyari na juyawa. Idan ta lalace ana jin shafa ko ƙas-ƙas, wani lokaci hon ya daina aiki ko fitilar jakar iska ta kama. Kafin a taɓa wurin dole a cire kan batir a jira. Toyota ta ce aƙalla sakan 90. Wayar zagaye biyar ko kusa da haka take da shi daga ƙarshe zuwa ƙarshe, don haka ana ɗaura ta tana tsakiya, tayoyi na kallon gaba. Saboda ita ne ma ake ɗaure sitiyari da igiya ko bel ɗin kujera duk lokacin da aka raba sanda da rak, don in ya juya sakaka wayar ta tsinke.

Wani lokaci kuma laifin ba na sitiyari ba ne sam. Taya mai ƙarancin iska na kuka a kan siminti mai santsi. Tayar da ta fi ƙa'idar motar girma na gogar shasi ko robar laka a ƙurewa, kuma za a ga tabon. Motar da aka bar ta a giyar jan ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta na turjewa a kwana, tayoyi na ƙara, domin gaba da baya a kulle suke tare. Ƙas-ƙas-ƙas mai bin gudun taya idan an karya kwana ana ba da wuta, na gaɓar shaf ɗin gaba ne.

Bayan gyara

Notin boljoyin da na tayarod ana ɗaure su da ma'aunin ɗauri gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa, sannan a zura sabon fin a lanƙwasa. In hudar fin ba ta daidaita ba, gaba ake ƙara ɗaurin kaɗan, ba a sassautawa baya. Ƙusar kafinta ko guntuwar waya ba sa maye gurbin fin. Wajen cire tsohon kan tayarod, ƙirga zagayen da ya yi kafin ya fita na taimakawa a mayar da sabon kusa da inda yake, amma wannan na isa mota wurin saiti ne kawai. Duk aikin da ya taɓa tayarod, rak, aidila ko hannun taya, sai an yi saitin tayoyi a bayansa, domin kaucewar milimita kaɗan ta isa ta cinye sababbin tayoyi cikin 'yan watanni.

Daga nan a maimaita juyi ukun farko, sannan a fita da motar a hankali, a karya kwana hagu da dama, a bi ta gargada, a ga ko sitiyari na komawa tsakiya da kansa kuma yana tsaye daidai a miƙaƙƙiyar hanya. Bayan kwana biyu ko uku ana aiki da ita, a sake duba yawan mai, ɗaurin bel idan sabo ne mai ɗaurin hannu, da notocin taya. Motar da ke ratsa ruwa ko aikin gona, a ɗura wa kawunan girisinta duk lokacin da aka canja baƙin mai, da kuma bayan kowace shiga ruwa mai zurfi, a leƙa robobin gaɓoɓi da tocila a lokaci guda.